Mabuɗi Yana Kano, Ni Ina Yamai

Lokacin da kwamfutar ofishin Yamai ta ƙi karɓar faswod ɗina, ta rubuto da jan rubutu cewa ba ta san ni ba, sai na ƙura wa rubutun ido ina sake karantawa. Ma'aikata suna tsaye a bayana, sun zo kallon baƙuwar Kano da aka ce ita ta tsara wurin. Na yi murmushi na ce musu yatsana ne ya zame. Amma ni na san bai zame ba.

Tun da na dawo gida Shahuci 'yan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Rukayya, yaya Nijar?" Waccan ta ce, "Wai da gaske saura ƙiris a kulle ki?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na kai tsakiyarsa sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Sai na fara da aikin, don da yawanku kun ɗauka buga takarda kawai nake yi. Kamfanin da nake aiki na Alhaji Lamin ne, wanda kakanninsa Larabawan Turabulus ne da suka zo fatauci suka zauna a cikin birni. Fata da ƙirgi yake fitarwa waje. Babban ofis yana bakin Kasuwar Kurmi, akwai rassa a Legas da Kwatano da Yamai. Da na gama sakandare na yi kwas ɗin kwamfuta a wajen Goron Dutse, aka ɗauke ni mai buga wasiƙu. Bayan da soja suka koma bariki, wayar hannu ta shigo, aka kafa mana farantin intanet a kan rufi, sai kamfani ya sayi wani tsari irin na manyan ma'aikatu: wuri guda a intanet inda duk rassa za su riƙa ajiye takardunsu, kowa ya ga abin da aka ba shi izinin gani. Sunansa na Turanci dogo ne. Da aka yi wa Alhaji bayani sai ya ce, "To ai zaure ke nan." Shi ke nan suna ya bi shi.

Injiniyan da ya kafa Zaure ya koma Legas ya bar mana wani ƙaton littafi. Ni na ɗauke shi na kai gida. A hankali na gina ɗakuna a ciki: ɗakin takardun kwastan, ɗakin masu sayen kayanmu, ɗakin kayan da ke hanya. Na tsara yadda in an sa takarda za ta wuce da kanta wurin mai sa hannu, ta ƙarasa Legas ba wanda ya ɗaga ƙafa. Na koyi rubuta 'yan layukan da ke sa shafi ya yi abin da nake so. A bakin ƙofar Zauren ma na yi wani ɗan hoton mudu, wanda yake cika gwargwadon yawan takardun da ke ajiye, don Alhaji ya riƙa gani ba sai ya tambaya ba. Ba zan yi muku kunyar ƙarya ba, na iya aikina. Kowane ma'aikaci yana da nasa faswod da ke buɗe ɗakunan da suka shafe shi. Amma akwai babba guda ɗaya, mai buɗe ko'ina ya rufe ko'ina, kuma da sunana yake.

Da aka ce in je Yamai in koya wa mutanen can, na shiga yi wa Alhaji sallama ranar Juma'a da yamma. Malam Tijjani yana zaune a gefensa. Shi ne babban akawunmu, aminin marigayi babana Malam Inuwa tun suna samari, mutumin da har yau sai na durƙusa nake gaishe shi.

Alhaji ya yi mini addu'a, sannan ya miƙo hannu. "Mabuɗin fa?"

Na ce, "Wane mabuɗi, Baba?"

"Na Zauren mana."

"Baba, ai wannan ba a bayar da shi. A ka yake zama."

Ya ce, "Rukayya, a Kurmi tun zamanin kakana, in mutum zai bar gari sai ya damƙa wa maƙwabcinsa mabuɗin rumfa. Hanya za ki hau, rai a hannun Allah yake. In wani abu ya same ki, sai mu tsaya a waje muna kallon kayanmu?"

Maganarsa da gaskiya a ciki. Na ce to bari in yanka wa Malam Tijjani nasa daban, wanda zai ishe shi aikinsa. Alhaji ya kaɗa hannu, ya ce ba a yanka sabon mabuɗi don tafiyar 'yan kwanaki. Ku gaya mini, da wane baki zan ce ban yarda da aminin babana ba, yana zaune yana kallona? Na matsa na raɗa masa. Ya maimaita a hankali kamar mai haddar addu'a, sannan ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce, 'yata. Ko tsinke ba zai fita ba har ki dawo."

Umma ta ce ba inda za ni ni kaɗai, don haka aka haɗa ni da Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, mai kai turaren wuta Nijar ta sayo atamfa. Wadda ta san Gwaggo ta san ba a tafiya da ita a yi shiru. Da safiyar Asabar muka hau Fijo a tashar Ƙofar Ruwa. Tun daga nan har Katsina hotunan 'yan takara ne a jikin kowace bishiya, direba da wani malamin makaranta suna ta musu a kan wanda zai ci. Duk shingen 'yan sanda da muka tarar sai Gwaggo ta leƙa ta ce, "Soja sun tafi, amma sun manta gangunansu da katakon ƙusa a titi." Wani kurtu ya ji ta, ya ce, "Hajiya, me kika ce?" Ta ce, "Cewa na yi Allah ya ƙara girma."

A kan iyaka, bayan Jibiya, jami'in da ya karɓi fasfona ya tambaye ni me zan je yi. Na ce aikin kwamfuta.

"Ina kwamfutar?"

"Tana can."

"To ke me kika ɗauko?"

Na ce, "A kaina yake, Yallaɓai."

Ya kira abokin aikinsa yana dariya. "Zo ka ga mai kayan da ba a biya wa kwastan!" Ya buga mini hatimi ya ce in gaida mutanen Yamai.

A ɓangaren Nijar, a Ɗan Isa, dariya ta ƙare. Igiya ce kawai a gicciye a hanya, amma kowa sai ya sauka ya wuce ta da ƙafa. Jandarmominsu, wato 'yan sandansu, ba sa tsawa, ba sa zagi, har sara wa mutum suke yi kafin su karɓi takardarsa. Na ce wa Gwaggo waɗannan sun fi namu kirki. Ta ce, "Namu ana roƙonsu su haƙura. Waɗannan in sun ce zauna, kin zauna ke nan." Kafin ta rufe baki aka ware wani mutum daga motarmu, aka nuna masa benci a gindin bishiya. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Aka sauke masa jakarsa, motarmu ta tashi. Na waiwaya na gan shi zaune da jaka a cinya yana bin mu da ido. Ku riƙe wannan bencin, zai dawo.

A Maraɗi muka kwana gidan wata ƙawar Gwaggo. Hausa ce dai, amma sai ka kasa kunne. Su "lahiya" suke cewa, makaranta kuwa "lakwal". 'Yan matan gidan suka yi ta sa ni magana don su ji Kananci su yi dariya. Fura kuwa ba ta da lokaci a can, ko yaushe ka zauna sai an dire maka ƙwarya. A tsakar gida kowa ke kwana, an jera gadaje da gidan sauro. Da safe aka kawo mini wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi, na gatsa da ƙarfi irin yadda muke yi wa namu, ya yanke mini dasashi. Ashe tsoma shi ake yi a kofi da madara.

Motar Yamai babbar bas ce, kowa da lambar kujerarsa, ana kiran suna kamar a aji. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ta jiran ta cika. Lokaci ya yi, ta tashi. Gwaggo ba ta yarda da wannan ba sai a Birnin Ƙonni, inda ta tsaya cinikin kilishi tana cewa ba direban da zai bar fasinja. Ya bar ta kuwa. Ni na yi ta buga jikin mota ina ihu har ya taka burki, ga Gwaggo a guje, mayafi a hannu ɗaya, kilishi a ɗaya. Ta shigo tana haki ta ce wa direban, "Kai ba ka da uwa ne?" Ya nuna mata agogo kawai. Daga Doso Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya karɓi mota. An ce mun wuce raƙuman dawa a gefen hanya. Ni barci nake, ban ga ko wuyan ɗaya ba.

Wadda ta tarye mu a tasha ita ce Madam Fati, sakatariyar ofishin Yamai, Bazabarmiya mai fara'a, kuma ita ke kula da kwamfutocinsu. A kan babur ɗinta ta zo, ita ke tuƙa abinta, da tabarau da ɗaurin ɗankwali. Na tsaya ina kallonta baki buɗe. A can ba wanda ya ko waiwaya, mata ne birjik a kan babura suna tafiya aiki. A gidanta muka sauka, ta ba mu dambu da zogale da soyayyen kifin kogi. Muka yi hira kan aiki har na ji kamar yayata ce.

To, mun dawo safiyar Litinin, inda na fara.

Da faswod ya ƙi shiga, Madam Fati ta yi dariya ta ce in duba madannan da kyau. Kwamfutocinsu na Faransanci ne, haruffan ba a inda muka saba suke ba. Na sauke ajiyar zuciya, na sake bugawa a hankali, ina duban kowane harafi. Kwamfutar ta sake ƙi. Na janye hannuna, don na san in na ci gaba za ta kulle ni gaba ɗaya. Na ce Madam ta shiga da nata. Ta shiga. Zaure ya buɗe, amma fari fat. Babu ɗakin kwastan, babu na masu saye, babu ko ɗaya. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta wanda ya yi canji na ƙarshe: Rukayya, ranar Asabar da yamma.

Shugaban ofishin, Direkta Amadu, dogo ne mai kwat, ba ya ɗaga murya. Ya sunkuya ya karanta, ya miƙe. Ashe akwai babbar motarmu cike da fata a Gaya ta Nijar, a bakin iyaka, tana jiran takardun da ke ɗakin kwastan kafin ta wuce Kwatano, ga rana tana dukan kaya. Ashe kuma bara wani akawunsa ya kwashe sunayen masu sayen kayanmu ya gudu wurin abokan hamayya, shi aka bari da jin kunya. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin fuskarsa kawai nake gani.

Ya ce, "Madmazel, sunanki ne wannan?"

"Sunana ne, amma ba ni ba ce. Ranar Asabar ina hanya. Ga hatimi nan a fasfona."

"A Maraɗi ma akwai shagon intanet."

Na ce akwai wanda na bar wa mabuɗin a Kano, bisa umarnin Alhaji. Sunan Malam Tijjani ya yi mini nauyi a baki, kamar ina nuna babana ga baƙo ina cewa ga ɓarawo. Direkta ya dube ni kamar na ce na bar jariri a kasuwa. "Kin ba wani babban faswod na kamfani? Da baki?" A wurinsu wannan kaɗai laifi ne. Ya ce ko ni na yi, ko na ba wanda ya yi, duk ɗaya ne.

Aka nemi Alhaji, aka ce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye da sabis bai kai ba. Aka kira ofishin Kano, aka ce an ɗauke wuta tun safe, janareta ya ƙi tashi, ba wanda ya kunna kwamfuta. Malam Tijjani kuwa ya tafi Majema duba fatu, wayarsa tana cikin durowa kamar kullum. Injiniyan Legas ya ce shi ba ya taɓa babban mabuɗi sai da sa hannun Alhaji.

Fasfona yana kan teburin Direkta, don da safe ya karɓa a yi masa hoto. Ina kallo ya ja durowa, ya sa shi, ya murɗa makulli. Ya ce su a Yamai da tsakar rana ake rufe ofis a je a huta, a dawo gab da la'asar. "In na dawo takardun ba su dawo ba, za mu je wurin jandarma tare. Su za su bincika." Ya faɗa a hankali, har da ɗan rusunawa. Ya gaya wa mai gadi kada in fita.

Bencin nan na Ɗan Isa ne ya tsaya mini a ido. Ba na jin Faransanci, ban san kowa ba, Gwaggo tana kasuwa. Na tuna Umma, na tuna yadda labari zai shiga lungunan Shahuci kafin in koma: 'yar Malam Inuwa ta saci sirrin kamfani an kama ta a Nijar. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Gari ya yi tsit, kowa ya tafi hutunsa. Madam Fati ce kawai ta ƙi tafiya. Ta aika a kira Gwaggo, ta sayo mini shinkafa na kasa ci. Ta ce, "Ƙanwata, ni dai ban ga ɓarauniya a fuskarki ba. Amma fuska ba ta isar wa Direkta. Zauna ki duba abinki, ke kika gina shi."

Na wanke ido na zauna. Shafin yana nan fari. Sai idona ya sauka a kusurwa, kan ɗan mudun nan nawa. Yana nan cike, daidai inda na bar shi ranar Juma'a.

Na ce, "Madam, dubi mudun nan. Ni na rubuta shi, na san abin da yake aunawa. Da an goge takardun, da ya sauka ƙasa. Ba abin da ya fita. Komai yana ciki, rufe ƙofofin aka yi."

Ta matso da kujera. "Wa zai rufe wa kamfani gaba ɗaya ƙofa, ya bar kayan?"

Sai wani abu ya faɗo mini. Watannin baya, da wani ma'aikaci ya bar aiki, Malam Tijjani ya tsaya a bayana ina cire masa izini. Ya sa na maimaita a hankali, ya ce, "Au, haka ake rufe wa mutum ƙofa?" Sai kuma na ji muryarsa ta ranar Juma'a: ko tsinke ba zai fita ba. Wallahi a cikin wannan tashin hankali sai da dariya ta kusa kuɓuce mini. Na san abin da ya faru kamar ina wurin. Amma sanina bai buɗe ƙofa ba, kuma rana tana ta karkata.

Gwaggo ta iso kamar guguwa, ta ture mai gadi da ƙullin atamfa. Da ta ji bayani ba ta tsaya jaje ba, ta ce a ba ta wayar ofis. Ta kira wani mai turare a Kurmi da take sari a wurinsa.

"Alhaji, Ladi ce daga Yamai. Ka tura wani Majema yanzun nan a nemo mini Tijjani akawu. A ce masa 'yar Malam Inuwa tana hannun jandarma."

Na ce, "Gwaggo, ai ba a kai ni ba tukuna."

Ta rufe bakin wayar da hannu. "Yi mini shiru. In ba a ce haka ba, sai ya gama ƙirga fatun duniya zai taso."

Daga baya aka ba ni labarin yadda saƙon ya bi: daga rumfar turare zuwa ta masu jaka, daga nan wani baduku ya hau acaɓa. Mu dai muna zaune muna kallon waya. Ma'aikata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shigo sai ya kauce wa idona. Direkta ya shigo, ya rataye kwat ɗinsa, ya dubi kwamfuta, ya dube ni, ya ɗauki makullin motarsa. A daidai nan wayar ta yi ƙara.

"Salamu alaikum! Rukayya? Me ya same ki?" Muryar Malam Tijjani ce, yana haki.

Na ce, "Baba, me ka yi wa Zaure ranar Asabar?"

Sai muryarsa ta koma ta mai jiran yabo. "Ai na gyara miki shi. Na shiga na tarar ƙofofi duk a buɗe, 'yan Legas, 'yan Kwatano, 'yan Yamai, kowa da izinin shiga, mai wurin kuwa ba ta gari. Wa yake barin rumfa a buɗe ya yi tafiya? Na fitar da kowa, na sauya kwaɗon ma, don na ga kamar wancan ya daɗe."

Madam Fati ta danna abin da ke sa kowa ya ji, Direkta ya tsaya da makulli a hannu yana saurare. Na ce, "Baba, Zaure ba a rufe shi. Don a shiga aka yi shi. Motar fata tana Gaya tana jira. Faɗa mini sabon faswod ɗin."

Malam Tijjani ya ce, "A waya?"

"A waya, Baba."

"A'a. Amana hannu da hannu aka ba ni, hannu da hannu zan mayar. Zamanin nan da 'yan damfara ke kwaikwayon muryar mutane? Ta ina zan san ke ce?"

Na fara rantse-rantse, kuka ya hana maganar fita. Gwaggo ta fizge wayar.

"Tijjani! Ni ma kwaikwayona ake yi? Ni ce Ladi. Ladin da ka zo zance wurinta da rigar aro, karen gidan liman ya biyo ka, ka faɗa kududdufin bayan gidanmu, Yaya Inuwa ya tsamo ka da gora. In ci gaba? Akwai mutane a nan, duk suna ji."

Wani a bayana ya tuntsire da dariya ya toshe baki. A waya aka yi gyaran murya.

"Ladi, Allah ya shirye ki. Ba wa yarinyar."

Madam Fati ta kashe abin jin kowa, ta juya baya, ta sa sauran ma suka juya. Ya faɗa mini. Na bi haruffan Faransawan nan ɗaya-ɗaya da yatsa guda kamar 'yar koyo. Kwamfutar ta karɓa.

Daga nan kuma fagena ne. Tun farko ban ba mutane izini ɗaiɗai ba, rukuni-rukuni na tsara su, kowane reshe da nasa. Rukunan suna nan, cire su kawai ya yi daga ƙofofin. Na mayar da kowanne mazauninsa, na fara da ɗakin kwastan. Na ce Madam ta sabunta shafinta. Ɗakuna suka fito reras, takardu cike, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta buga na motar Gaya, ta tura ta fakis tana ta magana da Zabarmanci, ina jin dai godiya ce ga Allah. Ni kuwa kafin in tashi na sauya babban faswod, na bar shi inda ya kamata ya zauna, a kaina.

Direkta ya ajiye makullin mota, ya buɗe durowa, ya ɗauko fasfona ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Madmazel, babu maganar jandarma. Ba abin da zai same ki a nan. Ki yi haƙuri." Gwaggo ta ce, "Haƙurin nan a haɗa shi da lemo mai sanyi." Ya aika a sayo kuwa.

Ban yarda da gaske ba ne sai da wayar ta sake ƙara. Alhaji ne, ya shigo inda sabis yake, labari ya riga ya same shi.

Ya ce, "Rukayya, 'yata, kwantar da hankalinki. Ni na ce ki bayar, kuma na gaya wa Amadu haka. Sunanki fes yake, a Yamai da Kano duka." Ya ƙara da cewa, "In kin dawo, ki yanka wa Tijjani nasa mabuɗin."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Ƙarami."

Ladanin masallacin da ke bayan ofis ya kira la'asar. Na tura fasfona cikin riga, na fita in yi alwala. Buta ta ƙi tsayawa a hannuna. Gwaggo ce ta karɓa ta riƙa zuba mini ruwan.